Yara huɗu da haruffa: yadda aikin karatun yake tafiya

8 ga Satumba

Yau aka fara. Yara huɗu ne, maza uku mace ɗaya, shekarunsu daga 7 zuwa 11, kuma a cikinsu babu mai iya karanta layi ɗaya na littafin ajinsa sai an ɗora shi. Biyu ƙwararre ya riga ya auna su, ya ce disleksiya ce, wato wahalar koyon karatu da rubutu wadda ba ƙarancin basira ke kawo ta ba. Sauran biyun alamu kawai muke gani, suna jiran a kai gare su. Ba zan rubuta sunayensu ba. Zan riƙa kiransu Babba, Mai Hadda, wadda ita ce macen, Mai Zane da Auta.

Sharaɗin da na gindaya wa iyaye kafin mu zauna shi ne a duba idon kowane yaro da kunnensa. Wanda ba ya ganin allo da kyau, ko wanda kunnensa ke yawan toshewa, shi ma karatu zai ba shi wuya, kuma maganinsa daban ne. An duba, duka lafiya lau.

Ban buɗe littafi ba, da baki muka yi. Na ce wa Auta, "Rana, rami, gida. Wanne ne bare a cikinsu?" Ya yi ta juya su a bakinsa, can ya ce rana, wai don ita ce a sama. Mai Zane ma bai ji cewa biyu sun fara da sauti ɗaya ba. Irin wannan tambaya masu bincike Lynette Bradley da Peter Bryant suka yi wa yara kusan 400 'yan shekara 4 da 5 a Ingila, kafin a fara koya musu karatu. Sakamakon da suka fitar a 1983 ya nuna cewa waɗanda suka fi shan wuya wajen gane baren su ne suka fi shan wuyar karatu bayan shekaru. A nan gizo ke saƙa. Yaron yana jin kalma a dunƙule, ya san ma'anarta sarai, amma farfasa ta zuwa ƙananan sautuka ya gagare shi, alhali haruffa kuwa sautukan nan suke wakilta.

Babba ya ba ni labarin yadda ya warware wata tsohuwar fanka ya mayar, dalla-dalla, ba kuskure. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya ce da a ce da baki ake dukkan karatu, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Duk wanda ya zauna da Babba minti biyar zai faɗi haka.

19 ga Satumba

Tsarin zama ya daidaita: minti 35, kwana huɗu a mako, yara bibbiyu. Gajeren zama mai yawan maimaituwa ya fi doguwar rana ɗaya, don kan waɗannan yara yana ɗaukar zafi da wuri.

Ban bi jerin abacada ba. Na fara da a, m, s, n, i, r, u, saboda baƙaƙen nan ana iya jan su a baki, mmm, sss, har su zarce cikin wasali ba tare da an yanke numfashi ba. Da su kaɗai ana samun sama, suna, nisa, rami, mari. Wato tun makon farko yaro yana karanta kalma ta gaske da abin da aka koya masa, ba ya buƙatar canki.

Kafin harafi, sai mun yi akwatuna. Ina zana akwati huɗu a jere, in faɗi suna a hankali, yaro ya tura maɓalli ɗaya cikin akwati ga kowane sauti da ya ji. Dabarar wani masani ce ɗan Rasha, Daniil Elkonin. Da farko duka huɗun maɓalli biyu suke turawa, su da na, domin gaɓa ita ce kunne ke fara kamawa. Raba s da u shi ne aikin.

Muna kuma rubuta harafi da yatsa a faranti mai yashi, baki yana faɗin sautin. Wannan ya samo asali daga hanyar Samuel Orton da Anna Gillingham ta shekarun 1930 a Amurka. Yaran suna son yashin, yana riƙe hankalinsu, shi ya sa nake amfani da shi. Amma ba na ɗaukar sa a matsayin maganin. Abin da bincike ya fi tabbatarwa, kamar yadda kwamitin karatu na ƙasar Amurka ya tattara a rahotonsa na 2000, shi ne a koyar da alaƙar harafi da sauti kai tsaye, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a yi ta bita. Idan aka cire yashi aikin zai ci gaba. Idan aka cire tsarin, an tashi daga aiki.

3 ga Oktoba

An shigo da b makon jiya. Na jinkirta d da gangan, amma Mai Zane ya riga ya san ta daga aji, ya kuma cakuɗa su.

Mahaifinsa ya same ni bayan zama. "Malama, an ce mini juye yake ganin rubutu, wai akwai tabarau mai launi da ke gyarawa. In nema masa?" Na ce, "Malam, ka riƙe kuɗinka." Na bayyana masa cewa a 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ƙungiyoyin likitocin ido sun fitar da matsaya ɗaya: babu hujjar da ta nuna tabarau mai launi ko atisayen ido suna magance disleksiya. Ban ga laifinsa ba, tunanin tsoho ne. Rudolf Berlin da ya raɗa wa matsalar suna a shekarun 1880 likitan ido ne a Jamus, haka ma James Hinshelwood na Glasgow da ya daɗe yana rubutu a kanta. Shekaru da yawa sun wuce kafin hankali ya koma kan sauti.

Juya b da d kuwa kusan kowane yaro yana yi a farkon koyo. Kujera ko gabas ta kalla ko yamma, kujera ce, kuma haka ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar komai tun jariri yana rarrafe. Sai a rubutu ne kaɗai ake ce mata juyin yana canza abu. Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsa sun yi bincike sosai a kan yadda koyon karatu ke tilasta wa ƙwaƙwalwa ta bar wannan sabo. Mai disleksiya yana daɗewa a wurin saboda sautin da ya kamata ya kafe kowane harafi a matsayinsa bai zauna masa daram ba.

A rubutunmu abin ya ninka, ga b da d, ga ɓ da ɗ masu ƙugiya, siffa huɗu masu kama da juna. Na yanke shawarar ɗaya bayan ɗaya, da tazarar makonni. Yanzu b kawai, kuma ta baki muke kama ta: leɓe a rufe, sanda ta fara sauka, sannan ciki. Ba za a ga d ba sai b ta zama ba tunani.

14 ga Oktoba

Auta ya haɗa s-a-m-a da kansa, ya ɗago kai ya ce, "Malama, sama ce!" Ya nemi wata. Ya karanta nisa da suna, ya makale a rami, ya koma farko ya fitar da ita.

29 ga Oktoba

Wannan bayanin na Mai Hadda ne, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Shekararta 9, kuma sai bana aka gane ba ta karatu. Idan malami ya karanta shafi sau ɗaya a aji, ta ɗauke shi kaf. In aka tashe ta, sai ta zuba shi ba gargada, yatsa yana bin layi, a tafa mata. Da na ba ta katunan kalmomin da ba su da ma'ana, irin su lumi, tezo, nuki, sai komai ya tsaya cak. Amfanin irin waɗannan kalmomi ke nan: ba a haddace su, ba a cankarsu daga hoto, dole sai an bi harafi ɗaya-ɗaya. Ta kalli lumi ta ce lemo. Harafin farko take kamawa, ta zaro wata kalma da ta sani daga ajiyarta.

Basira ce ta kai ta nan, ita ce kuma ta ɓoye ta. Yarinya mai natsuwa da ba ta damun kowa ba a kai ƙararta. Binciken Sally Shaywitz da abokanta a jihar Connecticut, wanda ya fito a 1990, ya gano cewa makarantu sun fi tura maza da yawa a matsayin masu matsalar karatu, amma da aka auna yaran duka da ma'auni ɗaya, tazarar maza da mata ta ragu ƙwarai. Namiji in ya kasa yakan yi fitina, a lura da shi. Mace takan yi shiru.

Akwai abu na biyu da ke ɓoye irin waɗannan yara. A harshen da rubutunsa ya yi daidai da furucinsa, mai disleksiya yakan kai ga karanta kalma daidai, sai dai da jan ƙafa mai tsanani. A 2001 Eraldo Paulesu da abokansa sun gwada masu disleksiya daga Italiya, Faransa da Ingila. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna raunin aiki a wuri ɗaya na ɓangaren hagu a dukkansu, amma 'yan Italiya sun fi karantawa daidai, domin rubutunsu ba ya yaudara. Hausa ta fi kusa da wannan ɓangaren, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya. Wannan sauƙi ne babba ga yaranmu. Haɗarinsa shi ne malami ya ji yaro bai yi kuskure ba ya ce ai sanyin jiki ne kawai. Ga shi kuma ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na niƙa siffarsu ɗaya, jimla ce ke rarrabewa. Wanda ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya iso kalmar, ya riga ya manta farkon jimlar da zai taimake shi.

Dokar da na kafa mata: babu hoto a shafin aiki, babu shafin da ta taɓa ji. In ta canka, ba na cewa ba daidai ba ne, sai in sa fensir a ƙarƙashin harafi na biyu in jira. Ranar farko ta yi fushi, ta ce, "Malama, ai na iya, ke ce kike ba ni na ƙarya." Na ce, "'Yata, kin iya riƙewa fiye da kowa a nan. Yanzu buɗewa za mu koya." Ba ta ji daɗi ba, amma ta dawo.

12 ga Nuwamba

Zama da iyaye. Na fara da cewa abin yana bin jini, ba reno ne ya kawo shi ba, ba kuma lalaci ba ne. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yara, gwargwadon inda aka ja layin awo, wato da wuya a sami babban aji da babu ko ɗaya. Mahaifin Babba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malama, ni ma haka na yi fama. Har yau in an miƙo mini takarda cikin mutane gabana faɗuwa yake." Na roƙe shi ya faɗa wa ɗansa wannan da bakinsa.

Na yi magana mai zafi a kan kalmar daƙiƙi da bulala, ban kuma sassauta ba. Yaron da ake duka a kan shafi, shafin yake koyon tsoro, kuma mai tsoro canki yake yi don ya tsira da wuri.

Babban roƙona shi ne a riƙa karanta musu da murya a gida, littattafan da suka dace da hankalinsu ba da ƙarfin karatunsu ba. Wanda bai iya karatu ba, ya ba da labari, ko a kunna musu littafin saurare a waya. Wata uwa ta tambaya ko hakan ba zai sa su sangarce ba. Ba zai sa ba. Philip Gough da William Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu, iya fitar da kalma daga haruffa da iya fahimtar magana, kuma in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Mu a nan muna gina na farko. Na biyun kuwa ba zai jira mu ba. A shekarar dai Keith Stanovich ya nuna yadda tazara ke buɗewa: mai iya karatu yana ƙara karantawa, kalmominsa da saninsa suna ƙaruwa, wanda ya makale kuma yana gudun littafi, sai ya rasa har abin da kunnensa zai iya ɗauka. Ta kunne za a toshe wannan ɓarakar kafin ido ya iso.

Aikin gida: katunan da aka riga aka koya kawai, minti 10, a tashi tun kafin rai ya ɓaci.

26 ga Nuwamba

Mun shiga rufaffiyar gaɓa, wato wadda ta ƙare da baƙi, tafiya ta yi nauyi. Muddin baƙi da wasali ne ke bin juna, kamar gida da tafi, suna tafiya. Da aka zo hannu, kunne, babba, tambaya, sai baƙin tsakiya ya riƙa ɓacewa, a karatu da shifta duka: hanu, kune. Mun koma akwatuna, muna jan kalmar har a ji inda harshe ya daɗe a wuri ɗaya. Baƙaƙe masu goyo, sh da ts, na rubuta kowanne a kati guda don ido ya ɗauke su abu ɗaya.

Babba ya yi fashi. Da ya dawo ya ce, "Malama, littafin jarirai kike ba ni." Gaskiyarsa. Ɗan shekara 11 da ke warware fanka ba zai zauna yana karanta kaza ta ga kare ba. Yanzu ina rubuta masa gajerun shafuka da kaina, a kan batir, injin keke da yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe, da haruffan da ya riga ya mallaka kawai. Kalmar da ta fi ƙarfinsa nakan faɗa masa ita tun kafin a fara. Aikin yana cin lokaci, sai dai tun da aka fara bai sake fashi ba.

15 ga Disamba

Awon ƙarshen zango. Duka huɗun sun san sautin kowane harafi da aka koya. Mai Hadda tana fitar da yawancin kalmomin da ba su da ma'ana, kuma canki ya ragu sosai, ko da yake yana dawowa in ta gaji. Mai Zane ya raba b da d, ɗ da ƙ ne ke ba shi wuya yanzu: yana rubuta da a wurin ɗa, kasa a wurin ƙasa. Auta yana haɗa gaɓa biyu lafiya, uku kuma sai ya manta ta farko kafin ya kai ta ƙarshe.

Sauri kam bai motsa ba, kuma na gaya wa iyaye kada gwiwarsu ta yi sanyi. Joseph Torgesen da abokansa a Florida sun ba yara 60 masu matsanancin raunin karatu horo na awa 67 da rabi cikin mako 8, malami ɗaya yaro ɗaya. A rahotonsu na 2001, karanta kalma daidai ya haura ƙwarai ya kuma dore, amma saurin karatu ya ci gaba da zama a baya. Sauri yana zuwa ne daga yawan haɗuwa da kalma har ido ya gane ta nan take, kuma yaran nan sun yi asarar shekaru na wannan haɗuwa. Shi ya sa nake jin zafin jinkirin da ake yi ana cewa a bari yaro ya girma zai warware. Auta da aka kama a shekara 7 gibinsa kaɗan ne in aka kwatanta da na Babba.

12 ga Janairu

Hutu ya ci wani abu. Mai Zane ya dawo da ruɗanin b da d, Auta ya manta ts. Mako guda na bita ya mayar da su inda suke, abin da ya ɗauki makonni a karon farko.

Na ƙara sabon sashe, maimaita karatu, wanda Jay Samuels ya bayyana a 1979. Yaro yana karanta gajeren shafi da ya fi ƙarfinsa kaɗan, ni in karanta masa shi da kyau, ya sake, ya kuma sake, yana ganin lokacinsa yana raguwa a jadawalin da shi kaɗai ke gani. Ba gasa tsakaninsu. Ga Mai Hadda na rage maimaicin, domin a karo na biyu ta riga ta haddace. Ita sabbin shafuka nake ba ta masu kalmomi iri ɗaya a jere daban.

Na kuma buɗe tazara tsakanin haruffa da layuka a duk abin da nake bugawa. Binciken Marco Zorzi na 2012 a kan yaran Italiya da Faransa ya nuna hakan yana rage kuskure. Salon haruffa na musamman da ake tallatawa don masu disleksiya kuwa, gwaje-gwaje ba su nuna ya fi na yau da kullum ba, don haka ban nema ba.

2 ga Fabrairu

Sakamakon awon sauran biyun ya fito. Mai Zane disleksiya ce, tare da matsalar tattara hankali, abin da sau da yawa suke zuwa tare. Na raba zamansa gida uku, da ɗan motsi a tsakani. Auta kuma an ga yana jinkiri ƙwarai wajen kiran sunayen launuka da lambobi a jere, ko da ya san su. Maryanne Wolf da Patricia Bowers sun nuna a 1999 cewa wanda ya haɗa wannan da raunin sauti ya fi daɗewa a hanya. Na shaida wa mahaifiyarsa cewa nasa zai kai shekara mai zuwa, wataƙila ya wuce, don ta shirya.

Na rubuta wa malaman ajinsu takarda. Na roƙi kada a tashe su karatu a gaban aji sai da shafin da suka shirya, a ƙara musu lokaci a jarrabawa, a karanta musu tambayoyin lissafi da kimiyya, kuma kada a rage maki saboda kuskuren rubutu a darasin da ba na rubutu ba. Malama ɗaya ta amsa a ranar, ta kuma nemi katunan don wasu yara biyu da take zargi a ajinta. Sauran ina jira.

Watan nan za mu gama ɗ da ƙ, mu shiga ai da au, sannan kw, gw, ƙw, ky, gy. Babba zai fara Turanci a Maris, kuma zan gaya masa tun ranar farko cewa can harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti da yawa, don kada ya ɗauka shi ne ya koma baya. Yaran malamar nan biyu ba zan iya ɗaukarsu ni kaɗai ba. Wata mai sa kai ta yarda za ta zauna tare da mu daga mako mai zuwa ta ga yadda ake yi, kuma zan fara ta da akwatunan sauti tare da Auta.